Inda gani bai kori ji ba: hoton MRI, tiyata da ciwon ƙashin baya

A shekarar 1994 wasu likitoci a jihar Kalifoniya ta Amurka, Maureen Jensen da abokan aikinta, suka tara mutum 98 waɗanda babu ko ɗaya da bayansa ke ciwo, aka kwantar da su ɗaya bayan ɗaya a na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, aka ɗauki hoton ƙashin bayansu. Sai aka cakuɗa hotunan da wasu 27 na masu ciwon baya na gaske, aka miƙa wa ƙwararru biyu masu karanta hoto, ba a gaya musu wane ne wane ba. Da sakamako ya fito a mujallar New England Journal of Medicine, kashi 36 cikin ɗari ne kawai na lafiyayyun nan aka ga kowane faifan bayansu, wato guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, daidai yake. Kashi 52 suna da faifan da ya kumburo, kashi 27 kuma nasu ya turo waje sosai. Mutanen nan sun zo da ƙafarsu, sun koma da ƙafarsu, babu inda ke yi musu ciwo.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A sha'anin ƙashin baya karin maganar ta gamu da cikas, domin abin da ido ya gani a hoto sau da yawa ba shi ne abin da mara lafiya ke ji a jikinsa ba. Kusan duk rigimar masu bincike kan tiyatar baya a shekaru arba'in da suka wuce daga nan ta samo tushe.

Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere: bakwai a wuya, goma sha biyu a ƙirji, biyar a kwankwaso, sai waɗanda suka manne da juna a ƙasa. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifai na guringuntsi, mai tauri a gefe da taushi a tsakiya, shi ke shanye jijjigar tafiya da nauyin kaya. Ta bayan gaɓoɓin akwai rami da laka ke bi daga ƙwaƙwalwa. Lakar ba ta kai ƙarshen ramin ba. Wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta kwankwaso take tsayawa, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba da sauka a tare kamar jelar doki, wanda shi ne ma sunan da likitoci ke kiransu da Latin. Idan gefen faifai ya tsage, taushin ciki ya fito ya danne jijiya, sai mutum ya ji ciwo na tsarga masa daga ɗuwawu, ya bi bayan cinya har tafin ƙafa, wani lokaci da jin kamar ana tsira masa allurai ko ƙafar ta mutu.

A 1934 ne likitoci biyu a Boston, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna cewa abin da ake cirowa a bayan irin waɗannan marasa lafiya ana ɗauka ƙari ne, ashe fasasshen faifai ne, kuma cire shi na kawar da ciwon ƙafar. Wannan gaskiya ce, har yau ba ta canja ba. Inda aka yi tuntuɓe shi ne lokacin da na'urar hoto ta zo ta fara nuna faifai mai lahani a bayan kusan kowa. A 2015 wasu masana suka tattara bincike 33 da aka yi kan mutum fiye da 3,000 marasa ciwon baya. Cikin 'yan shekara 20, kashi 37 faifansu ya fara tsufa. Cikin 'yan shekara 80, kashi 96. Furfura ce ta cikin jiki. Amma wanda aka miƙa wa takardar sakamako cike da manyan kalmomin Turanci, ga layi biyar na abubuwan da aka ce sun lalace, ba furfura zai gani ba, hukunci zai gani. Daga ranar sai ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar ko buta, ya koma sallah a kan kujera, jijiyoyin bayan su ƙara sanƙarewa, ciwon ya samu wurin zama.

To idan hoto da ciwo sun dace fa, faifan ya fito a daidai jijiyar da ke sauka ƙafar da ke ciwo? A yi aiki ko a jira? Hanya ɗaya ce ta sanin amsa: a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba zaɓin likita ba, ba zaɓin mara lafiya ba, a yi wa wasu aiki a bar wasu a kan magani da gashin ƙashi, sannan a bi su shekaru a gani. Henrik Weber ya yi haka a Oslo ta ƙasar Norway da mutum 126, ya wallafa a 1983. Bayan shekara ɗaya waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi. Bayan shekara huɗu tazarar ta ragu har ba a iya dogara da ita. Bayan shekara goma kusan duk ɗaya.

Amurkawa sun so su rufe maganar da wani babban bincike da ake kira SPORT, wanda James Weinstein na jami'ar Dartmouth ya jagoranta a cibiyoyi 13. Mutum 501 suka yarda a jefa musu ƙuri'a. Sai ɗan Adam ya nuna halinsa. Cikin wata uku na farko, rabin waɗanda ƙuri'a ta ce a yi musu aiki ne kawai aka yi wa, sauran sun ji sauƙi ko sun tsorata sun fasa. A ɗaya gefen, kashi 30 na waɗanda aka ce su jira suka ce ba za su iya ba, a kai su ɗakin tiyata. Bayan shekara biyu lissafin ya zama kashi 60 da kashi 45. Da aka wallafa a 2006 kowa ya karanta abin da yake so. Idan ka ƙirga mutane bisa gidan da ƙuri'a ta jefa su, bambancin kaɗan ne, kuma dole ya zama kaɗan tunda gidajen biyu sun cakuɗe. Idan ka ƙirga su bisa abin da aka yi musu a zahiri, tiyata ta yi rinjaye, amma ka zubar da amfanin ƙuri'ar, domin wanda ya dage sai an yi masa aiki da wanda ya fasa ba iri ɗaya ba ne tun farko. A ganina darasin SPORT mafi girma ba a alƙalumansa yake ba. Ya nuna wahalar gwada wuƙa kamar yadda ake gwada ƙwaya, tunda ba wanda zai zauna yana birgima da ciwo don kare mutuncin bincike.

Likitocin Leiden a ƙasar Holan sun canja tambayar, kuma canjin ya yi amfani. Maimakon aiki ko babu aiki, sai suka ce aiki yanzu ko aiki in an gaji da jira. Mutum 283 da suka yi sati shida zuwa goma sha biyu da ciwon ƙafa mai tsanani aka raba. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun rabu da ciwon da wuri. Cikin masu jira, kashi 39 sun ƙare a kan gadon tiyata, sauran sun warke ba wuƙa. Bayan shekara ɗaya, kusan kashi 95 na kowane gida sun ce sun warke. Abin da tiyata ke sayar wa irin wannan mara lafiya lokaci ne, watannin da zai yi yana fama. Ga direban babbar mota ko ɗan dako da cin iyalinsa ke kan bayansa, watanni uku ba ƙaramin abu ba ne, ba kuma zan raina wanda ya zaɓi aiki saboda haka ba. Sai dai ya kamata a faɗa masa gaskiyar abin da yake saye.

Dalilin da ya sa masu jira ke warkewa shi ne jiki da kansa yana cinye abin da ya fito. Tsakiyar faifai wuri ne da jini ba ya shiga, don haka idan ya fito fili sojojin jiki na ɗaukarsa baƙo, su far masa su narkar da shi a hankali. Abin mamaki, wanda ya fi muni a hoto shi ya fi saurin ɓacewa: gutsuren da ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗa cikin rami ya fi wanda ya ɗan kumburo kawai yiwuwar narkewa. Su masu binciken Leiden sun sake ɗaukar hoton mutanensu bayan shekara, suka wallafa a 2013. Har lokacin ana ganin fitaccen faifai a kashi 35 na waɗanda suka warke, da kashi 33 na waɗanda ba su warke ba. Wato da za a ba ka hoton kaɗai, ba za ka iya cewa wannan ya warke wancan yana kwance ba.

Jiran ma yana da iyaka. Wani bincike a Kanada da aka wallafa a 2020 ya ɗauki mutum 128 da ciwon ƙafarsu ya kai wata huɗu zuwa shekara bai tafi ba, a nan aiki ya fi magani da gashi a fili bayan wata shida.

Akwai wata tambaya da ta fi waɗannan ɗaci: nawa ne daga cikin sauƙin da mutum ke ji bayan aiki ya fito daga aikin, nawa ne kuma daga sanin cewa an yi masa aiki? Tsofaffi, musamman mata, ƙashinsu na yin laushi har gaɓar baya ta rufta da kanta. A 1984 likitoci a Amiens ta Faransa suka fara cusa wani siminti na asibiti cikin gaɓar baya ta allura, daga baya dabarar ta bazu zuwa irin wannan karaya. Marasa lafiya na tashi daga gado suna godiya. Sai a watan Agusta na 2009 bincike biyu suka fito rana ɗaya, ɗaya na Rachelle Buchbinder a Melbourne ta Ostareliya da mutum 78, ɗaya na David Kallmes na asibitin Mayo da mutum 131. Da yardar marasa lafiyar, an yi wa rabinsu aikin gaske, rabi kuma na kwaikwayo: a shiga ɗakin aiki, a yi allurar kashe zafi, a danna bayan, har a buɗe sinadarin simintin warinsa ya cika ɗaki, amma ba a zuba komai ba. Duka gidajen biyu suka samu sauƙi, kuma kusan daidai da juna. Masu yin aikin sun fusata, suka ce an ɗauki mutanen da karayarsu ta daɗe. Wani bincike a Sidni a 2016, kan waɗanda karayarsu ba ta kai sati shida ba kuma ciwonsu mai tsanani ne, ya samu amfani. Wani a Holan a 2018 bai samu ba. Har yau maganar ba ta mutu ba, amma an daina yi wa kowa aikin ido rufe.

Sai batun ƙarfe, wanda shi ne inda kuɗi ya fi yawa. Idan ramin laka ya tsuke saboda tsufa, mutum na tafiya kaɗan ƙafafunsa su yi nauyi sai ya zauna ko ya duƙa, likita na iya buɗe ramin ya sakar wa jijiyoyi wuri. Tambayar ita ce ko a ƙara da ɗaure gaɓoɓin biyu da ƙusoshi da sandunan ƙarfe don su manne. A watan Afrilu na 2016 mujalla ɗaya ta buga amsa biyu masu karo da juna. Mutanen Suwidin, da marasa lafiya 247, sun ce ƙarfen bai ƙara komai ba bayan shekara biyu da biyar, sai ƙarin zubar jini, ƙarin kuɗi, da kwana bakwai a asibiti maimakon huɗu. Amurkawa, da mutum 66 waɗanda gaɓarsu ɗaya ta ɗan zame kan 'yar'uwarta, sun samu ɗan rinjaye ga ƙarfe, kuma kashi 14 ne aka sake yi wa aiki, a kan kashi 34 na waɗanda ba a sa wa ba. A 2021 Norway ta zo da mutum 267 masu irin wannan zamewar, ta goyi bayan Suwidin. Ni dai na fi karkata ga manyan biyun, na Suwidin da Norway. Ƙarfe na da muhallinsa, inda baya ya karye ko yake rawa da gaske, amma zamewa kaɗan a hoto ba ta isa hujja ba ita kaɗai.

Dole kuma a duba wa ya biya kuɗin binciken. Wani sinadarin haɓaka ƙashi mai suna Infuse, na kamfanin Medtronic, ya samu izini a Amurka a 2002. A 2011 mujallar The Spine Journal, ƙarƙashin editanta Eugene Carragee, ta bi diddigin bincike 13 da kamfani ya ɗauki nauyinsu, kan mutum 780, waɗanda ba su ba da rahoton illar sinadarin ko ɗaya ba. Da aka gwama su da bayanan da ke hannun hukuma, aka ga illolin suna nan.

Wanda ya karanta zuwa nan zai iya cewa ashe tiyatar baya duk ɓata kuɗi ce. Wannan fahimtar ta fi ta farko haɗari, kuma a wajenmu tana kashe ƙafafun mutane. Duk binciken da na ambata tun farko sun ware masu alamun gaggawa, ba su jefa musu ƙuri'a ba. Wanda ciwon baya ya zo masa da riƙewar fitsari ko zubarsa ba da saninsa ba, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazauninsa sun mutu, ko ƙafa na ƙara rauni kullum, to jelar dokin nan ce aka shaƙe, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Wanda ya karya wuya a hatsari haka nan. Binciken da Michael Fehlings na Toronto ya jagoranta, aka wallafa a 2012 kan mutum 313, ya nuna cewa cikin waɗanda aka sauke wa dannin laka kafin awa 24, kusan kashi 20 sun farfaɗo da mataki biyu ko fiye a ma'aunin shanyewar jiki, a kan kusan kashi 9 na waɗanda aka makara. Awa 24. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ciro ɗan acaɓa daga ƙarƙashin mota, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, kai na lilo, a cusa shi a bayan a-daidaita-sahu, sannan dangi su taru a yi shawarar ko a fara kai shi wurin mai ɗori, ya san inda awannin ke tafiya. Mai ɗori na iya yin abin kirki a karayar hannu mai sauƙi. Jan wuya ko danna bayan da ya karye kuwa na iya ƙarasa lakar da hatsarin ya bari da sauran rai. Wanda ciwon daji ya bazu zuwa bayansa ya danne laka ma, binciken Roy Patchell na 2005 kan mutum 101 ya samu kashi 84 na tafiya da ƙafarsu bayan aiki da gashin hasken da ake ƙona ciwon daji da shi, a kan kashi 57 na waɗanda aka yi wa gashin hasken kaɗai.

Cutar da ta fi shafarmu kai tsaye kuwa ba ta cikin waɗanda Boston da Leiden ke muhawara a kai. Ita ce tarin fuka na ƙashin baya, wanda likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma idan ƙwayar cutar ta shiga ƙashi, baya ne wurin da ta fi zama. Tana cin gaban gaɓa, gaɓar ta rufta, baya ya lanƙwashe ya fito da ƙusumbi, ruwan mugunya ya taru ya danne laka. Sau da yawa babu tari ko kaɗan. Ciwon baya ne da ba ya lafawa ko an kwanta, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama. Watanni ana shan maganin sanyi da na basir, ana tsaga ana ƙaho, sai ƙafa ta fara ja sannan a nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa.

An yi wa wannan cuta bincike na ƙuri'a tun kafin yawancin waɗanda na lissafa. A 1956 Hodgson da Stock a Hong Kong suka fito da aikin shiga ta gaba, a kwashe ruɓaɓɓen ƙashi a dasa sabo. Daga shekarun 1960 majalisar binciken likitanci ta Birtaniya ta gwada hanyoyi daban-daban a Koriya ta Kudu, da Bulawayo ta Zimbabwe ta yau, da Hong Kong, da Afirka ta Kudu, daga baya Madras ta Indiya. Kwantar da mutum wata shida a asibiti bai ƙara komai ba. Ɗaure shi cikin rigar filasta bai ƙara komai ba. Buɗewa a share mugunya kawai, a Bulawayo, bai fi shan magani ana yawo ba. A Madras, bayan shekara goma, kashi 90 ko fiye na kowane gida sun warke, da waɗanda aka yi wa babban aiki da waɗanda suka sha magungunan tarin fuka isoniazid da rifampicin kaɗai wata shida ko tara suna gidajensu. Abin da aikin Hong Kong ya fi da shi shi ne ƙashi na mannewa da wuri kuma lanƙwasar ba ta yin yawa. Sai a lura cewa akasarin waɗanda suka shiga waɗannan gwaje-gwaje masu iya tafiya ne. Wanda ƙafafunsa suka shanye suna ƙara muni duk da magani, ko gaɓoɓi da yawa suka rushe, lissafinsa daban ne, nan ne wuƙa da ƙarfe ke ceton ƙafa. Likitan Indiya S. M. Tuli ya kira wannan tsari hanyar tsakiya: magani ga kowa, aiki ga wanda alamu suka nuna.

A nan hoton MRI yana da daraja ta gaske, domin yana ganin cutar tun kafin hoton ƙashi na yau da kullum ya nuna komai. Duk da haka shi ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ciwon daji da wasu ƙwayoyin cuta, har da wadda ake ɗauka daga ɗanyen nono da dabbobi, na iya yin kama da tarin fuka a hoto. Shi ya sa inda hali ya yi ake sa allura a ɗebo ɗan nama ko mugunya a gwada. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, na gano ƙwayar cikin 'yan sa'o'i, ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampicin. Maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Yara ne suka fi buƙatar sa ido. Babba idan ya warke, lanƙwasar bayansa takan tsaya inda ta tsaya. Yaro kuwa yana girma, kuma likita S. Rajasekaran na Coimbatore ta Indiya, wanda ya bi irin waɗannan yara shekaru goma sha biyar, ya nuna cewa a wasunsu ƙusumbin na ci gaba da ƙaruwa bayan cutar ta mutu, har ya zo ya danne laka shekaru bayan an gama magani. Ya fitar da alamu huɗu da ake dubawa a hoton ƙashi na yau da kullum don gane yaron da bayansa ke cikin wannan haɗari tun da wuri, a yi masa aiki lanƙwasar na ƙarama. Don haka ranar da aka ce yaro ya gama shan maganinsa ba ita ce ranar sallamarsa daga asibitin ƙashi ba. Ana ci gaba da kawo shi ana aunawa har ya gama tsawo.